Takardun Nunana

Ba neman ɗa ya kai Akpene gidan marayun Sista Selestin ba, abolo ta kai, wata wainar masara da ake turarawa. Duk Talata da Juma'a takan ɗora tire a ka daga gidansu na Aflao a Ghana, ta bi layin masu ƙafa ta tsallaka iyaka zuwa Togo, ta sauke wa Sista na karin kumallon yara, sauran ta wuce da shi kasuwar Lome. Tafiyar ba ta isa ta sa mutum gumi ba. In iska ta taso daga gabas, a tsakar gidansu ake jin ƙararrawar da Sista ke kaɗa wa yara, har mijinta Efo Gameli ya daina ɗaura agogo.

Ran nan ta durƙusa tana zuba abolo a kwando, sai ta ji an ja bakin zaninta. Ta waiga, ta ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya, kai tal babu gashi, ta miƙe da ƙyar tana dafe da ita. Akpene ta gutsuro abolo ta miƙa mata. Yarinyar ta karɓa da baki, ta haɗa da yatsa.

"Wayyo! Sista, wannan ta waye?"

"Tamu ce dai, sai in Allah ya kawo mai so," in ji Sista. "Nunana sunanta. Babu wanda bai ɗanɗana haƙoranta ba a gidan nan, har mai gadi."

Akpene ta ɗauke ta don ta yi mata faɗa, sai yarinyar ta kwantar da kai a kafaɗarta, ta hau barci da abolo a baki. Ranar dai, kasuwa ba ta ga Akpene ba sai da rana ta take.

Aurenta da Gameli ya daɗe, ba haihuwa. An sha magani, an sha addu'a, an kwana a coci, har masu ba da shawara suka gaji suka koma kan wasu. Ita a ganinta ta riga ta rufe wannan babin. Amma da ta dawo gida, ko tire ba ta sauke ba ta nufi rumfar da mijin ke aiki. Gameli kafinta ne, kuma duk Aflao an san shi da abu ɗaya: akwatin gawa. Ta tarar da shi yana goge murfin wani.

"Efo, na ga 'yarmu."

Bai ɗago ba. "A ina?"

"A Togo."

"Me ta je yi a Togo?"

Ta nuna masa yatsan da shatin haƙora. Ya duba da kyau, ya ce lallai wannan jinin gidansu ce, don uwarsa ma haka take cizo. Daga cikin ɗaki Dada Afiwa, tsohuwarsa, ta ce ta ji shi sarai.

Ran Lahadi bayan coci suka tsallaka cikin kayan ado, Gameli riƙe da kwalbar lemo don gaisuwa. A tunaninsu za a yi addu'a, a sa hannu, su dawo su uku. Sista Selestin ta saurare su har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge.

"Ku 'yan Ghana ne."

"Haka ne, Sista."

"Yarinyar 'yar Togo ce. Wannan shi ake kira riƙon ƙasa da ƙasa. Hanyar da Baturen Faransa zai bi in yana son ta, ita za ku bi. Sai gwamnatinku ta yarda da ku, tamu ta yarda da taku, sannan alƙali ya yarda da kowa."

Gameli ya tashi ya je bakin taga, ya nuna da ɗan yatsa.

"Sista, kin ga wancan shuɗin wandon a kan igiya? Nawa ne."

"Wandon naka a ƙasar waje yake, ɗana," in ji ta.

Haka aka fara. Akpene ta sayi jakar roba mai zif, ta hau motar Accra, ta samu ofishin da ke kula da irin wannan magana, aka faɗa mata abin da za ta kawo. Takardar aure. Takardar haihuwar kowannensu. Takardar 'yan sanda mai nuna ba su taɓa laifi ba, takardar likita mai nuna ba su kusa mutuwa ba, wasiƙar fasto, hotunansu, hoton gida. Kuma kowace sai an juya ta zuwa Faransanci an buga mata hatimi, sannan a buga wa hatimin wani hatimin da ke shaida cewa shi hatimi ne.

Abin da ba a faɗa mata ba, kowace takarda da wa'adinta kamar madarar gwangwani. Kafin ta likita ta fito, ta 'yan sanda ta mutu. Kafin a sabunta ta 'yan sanda, hotuna sun tsufa. Akpene ta ce ita dai kamar mai kiwon kaji a fili take, ta kamo wannan, wancan ta tsere.

Ta likitan ce ta fi ba su wahala, kuma laifin Gameli ne. Mutum ne da ko zazzaɓi bai cika yi ba, amma da zarar ya zauna a bencin asibiti ya tuna abin da ya kawo shi, sai jininsa ya hau. Likita ya duba ya ce ba zai sa hannu ba, su dawo. Suka dawo, ya ƙara hawa.

"Efo, wai me kake tunawa ne in an ɗaura maka abin nan?"

"Takardar 'yan sanda. Tana mutuwa a jaka ina zaune."

Karo na gaba Akpene ta sa shi ya rufe ido ya yi ta lissafa sunayen katako a ransa, tana yi masa fifita da katin asibiti. Yana cikin lissafa katakon odum da na wawa barci ya ɗauke shi a kujerar likita, aka auna shi yana munshari, aka ce lafiyarsa ƙalau.

Sai kuma maganar ɗigo. Mai fassarar da ya juya takardunsu mutumin Lome ne, ya rubuta sunanta yadda suke rubutawa can, da 'yan ƙananan layuka a kan haruffa. Da jakar ta koma Accra, matar da ke karɓa ta jera takardun biyu a tebur.

"Wannan Akpene ce. Wannan kuwa wata ce daban, mai kwalliya a ka. Wacece ke a ciki?"

"Duk ni ce."

"Mutum ɗaya ba ya zama biyu."

"Ai shi nake faɗa miki, 'yar'uwa."

"To sai ki kawo shaida."

Da rana tsaka Akpene ta tsaya gaban mai rantsarwa, ta ɗaga hannun dama, ta rantse da Allah cewa ita ce ita. Gameli ya tsaya mata shaida, aka tambaye shi ko ya tabbata, ya ƙare mata kallo sama da ƙasa ya ce yana kyautata zato. A mota ba ta yi masa magana ba har garin Sogakope.

Duk wannan ana yi, Nunana ba ta jira kowa ba. Ta fara tafiya, ta fara gudu, gashi ya fito har ana yi mata kitso. Kowace Lahadi suna zuwa, ta sheƙo a guje ta rungume ƙafar Akpene tana kiran "Madam Abolo! Madam Abolo!" Gameli kuwa Misiyo take ce masa, wato Malam da Faransanci, ta miƙa hannu su gaisa kamar jakadu. Akpene takan yi dariya a gaban mutane. A hanyar dawowa, wajen da ake jiran a ɗaga shinge, sai ta zuba wa teku ido, Gameli ya karɓi jakar ya riƙe mata.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Sannan aka aiko musu cewa wata jami'a, Madam Lamptey, za ta zo daga Accra ta ga gidan da za a kawo yarinya.

Akpene ta tsaya a ƙofar falo ta dubi gidanta da idon baƙo. Rumfar Gameli ta daɗe da cika, akwatuna sun shigo falo, sun hau juna a baranda, akwai wanda ake ajiye garin masara a ciki. Ita ta saba, har a kan ɗaya take guga.

"Efo, matar nan in ta shigo za ta ce maƙabarta za mu kawo 'yar mutane."

"Sana'a ce ta halal."

"Halal ɗin ta koma gidan maƙwabta har ta tafi."

Aka tara samarin unguwa suka fara fitar da akwatuna ɗaya bayan ɗaya. Wata mai tallar kifi ta hango su daga nesa, ta yar da tire ta ɗora hannu a ka. Kafin a kai na ƙarshe, mata sun cika ƙofar gida suna kuka, wai gidan Gameli an ci guba an mutu duka. Sai da Dada Afiwa ta fito da muciya ta kore su, ta ce in ranar ta zo za a aika musu.

Akwati ɗaya ne ya ƙi fita, na Dada kanta. Tun shekarun baya ta sa ɗanta ya yi mata, fari mai hannayen zinariya da katifa a ciki, kuma ta ce duk wanda ya taɓa shi sai ya riga ta shiga. Kullum bayan abincin rana a ciki take ɗan kishingiɗawa, wai ya fi gadonta sanyi, kuma gara ta saba tun yanzu. Da rarrashi ya ƙi, Akpene ta shimfiɗa masa leshi har ƙasa, ta ɗora furen roba da hoton aurensu, ya koma teburin tsakiyar falo.

Gameli kuma ya kwana biyu yana ƙera wa Nunana gado, ya kira matarsa ta gani yana ta murmushi. Akpene ta zagaya shi a hankali.

"Efo, me ya sa wajen kafaɗa ya fi faɗi?"

Ya duba.

"Wajen ƙafa kuma ya tsuke?"

Ya sosa ƙeya.

"Waɗannan hannayen na gefe, su wa za su ɗauke ta?"

"Hannun ne ya saba," in ji shi a sanyaye. Ya kwance shi ya sake, tana tsaye a kansa da ma'auni.

Ranar da aka sa, Madam Lamptey ba ta zo ba, mota ta lalace. Maƙwabta suka ce su fa ba za su ci gaba da kwana da akwatuna ba, aka dawo da su. Aka sake sa rana, aka sake fitarwa, ta sake ɗagawa saboda taro. A karo na uku samarin unguwa sun ƙware, har da waƙarsu ta aiki.

Ran nan tun safe kowa ya yi wanka. Dada ta sa farin leshinta na coci, ta shafa hoda har wuya, ta zauna a falo kamar amarya. Hantsi ya yi, rana ta take, ba Madam. Akpene ta fita bakin titi tana leƙe, Gameli ya bi ta. Dada ta gaji da zama, ta sauke furen da hoton, ta shige makwancinta, ta saƙala silifa a bakin murfi don iska.

Can sai ga tasi. Akpene ta rugo gida don ta ga komai daidai, ta tarar leshin tebur ya zame. Ba ta tsaya tunani ba, ta fizge silifar da ta gani ta jefa bayan kujera, ta ja leshi, ta mayar da fure da hoto, ta fito tana washe baki.

Madam Lamptey doguwa ce mai tabarau, irin matan da ko gaisuwa suka amsa sai ka ji kamar ka ci jarrabawa. Ta duba ɗakin girki, ta leƙa banɗaki, ta girgiza gadon Nunana ta ga ba ya motsi. Sannan ta zauna a falo, ta ɗora jakarta da kwalbar lemon da aka kawo mata a kan tebur, ta buɗe littafi.

"Sana'ar maigida?"

"Kafinta," in ji Akpene da sauri.

"Me yake ƙerawa?"

"Abin kwanciya," in ji Gameli.

"Gadaje ke nan. Ana samun ciniki?"

"Wanda ya saya bai taɓa dawowa da ƙorafi ba, Madam."

Akpene ta taka masa ƙafa. Madam ta rubuta.

"Wa kuma ke zaune a gidan?"

"Surukata. Ta ɗan fita ne, yanzu za ta shigo."

A daidai nan wani gurnani ya taso, dogo mai kauri, ya ƙare da ɗan fito. Madam ta ɗago kai. Akpene ta dubi Gameli, Gameli ya dubi tebur, ya dubi bayan kujera inda silifar uwarsa ke kwance, fuskarsa ta canza.

"Cikina ne, Madam," ya ce. "Wake na ci."

Gurnanin ya sake tasowa. Gameli ya dafe ciki ya murtuke fuska don ya yi daidai da sautin, amma ya makara kaɗan. Madam ta rubuta wani abu ta ja masa layi. Sai gurnanin ya ɗauke. Sai kuma ƙwanƙwasa, ƙwas ƙwas, daga ƙarƙashin leshi. Kwalbar lemo ta fara rawa.

"Wannan ma waken ne?" in ji Madam a hankali.

Murfi ya ɗaga. Fure ya faɗi, hoton aure ya bi shi, jakar Madam ta zame ƙasa. Dada Afiwa ta tashi zaune cikin farin leshi, fuska fari fat da hoda, ɗankwali a karkace, ta dubi baƙuwa ta ce, "Sai yanzu? Tun yaushe nake jiran ki."

Babu wanda ya ga fitar Madam Lamptey. An dai same ta a tsakar gida a kan bencin aikin Gameli, takalmi ɗaya a ƙafa, ta riƙe zarto da hannu biyu tana karanto addu'a da harshen Ga na mutanen Accra.

Akpene ba ta bi ta ba. Ta zauna a ƙasa a falo kusa da furen roba, ta ga duk motocin Accra da ta hau, duk bencin da ta ɗumama, sun tashi a banza, sai kuka ya ƙwace mata. Ba ta taɓa yin irinsa a gaban surukarta ba.

Dada ta dube ta, ta fito daga akwatin da ƙyar, ta nemo silifarta, ta fita tsakar gida.

"Ke 'yar Accra, sauko. Ban mutu ba, gwaji nake. Ɗana akwatin gawa yake yi, da shi ya gina gidan nan. Sauran suna gidan maƙwabta, in kina son gani. Matarsa ce ta ce a ɓoye, don tana tsoron ki. Ni ba na tsoron ki. Sauko ki ci abinci, kin zo a makare kin tsaya a kan bencin mutane."

Madam ta ajiye zarto. Ta sauko. Ta dubi tsohuwar, ta dubi Gameli da har yanzu hannunsa ke kan ciki, sai dariya ta kama ta, irin wadda ke sa mutum ya nemi bango. Ta yi har tabarau ya faɗi. "Wake!" take ta faɗa. "Wai wake!"

Aka zuba mata akple, tuwon masararsu, da miyar kuɓewa da kaguwa, ta wanke hannu ta ci a tsakar gida. Da ta gama, ta kira Akpene gefe, ba littafi a hannunta.

"Me ya sa wannan yarinyar? A Ghana ma akwai yara, da tuni kin gama."

Akpene ta share ido da bakin zani. Ta shirya amsoshi masu kyau tun makonni, duk suka gudu.

"Ban sani ba, Madam. Ba zaɓa na je yi ba. Ita ta kama ni. In na dafa abu sai in ji ina tunanin ko za ta ci. In aka yi ruwa da dare sai in ce ko an rufe mata taga. Ga ta can, ina jin ƙararrawar cin abincinsu, ban san ko ta ƙoshi ba."

Madam ta gyaɗa kai. Ta ɗauko littafinta ta yi rubutu mai tsawo. Da za ta shiga tasi ta ce a dawo da akwatunan, amma a yi musu ɗaki mai ƙofa, kuma Dada ta daina rufe murfi in yarinya ta zo. Dada ta ce ai ba ita ta rufe ba.

Rahoton ya yi kyau, aka ce. Ya tafi Accra, ya kwanta, ya tashi ya tafi Lome ta hanyar da takardun gwamnati ke bi, wadda ta fi ta masu ƙafa nisa ƙwarai. Akpene ta sake sabunta ta 'yan sanda, Gameli ya sake yin barci gaban likita. Aka ce hoton Nunana da ke cikin jaka na jaririya ce mai sanƙo, wannan kuwa mai kitso ce, aka sake ɗauka, ta fito da harshe waje, aka sake.

Da aka sa ranar kotu, Gameli ya ce ba zai tsaya gaban alƙalin Togo kamar kurma ba. Ya samu wani mai canjin kuɗi a bakin iyaka ya koya masa jawabi da Faransanci, ya yi ta haddace shi yana fiƙe katako. A kotu ya miƙe cikin kwat, ya gyara murya, ya fara. Alƙali ya saurara, ya karkata kai, ya dubi magatakarda, magatakarda ya sunkuya yana gyaran takalmin da ba shi da igiya.

"Efo," in ji alƙali da harshensu na Ewe tsantsa, "yi magana da harshen uwarka. Abin da ka faɗa yanzu, ka gaishe ni da kyau, sannan ka ce yau farashi ya sauka, in saya kafin ya tashi."

Gameli ya faɗi abin da ke ransa da Ewe, bai fi jimla biyu ba. Alƙali ya sa hannu.

Ranar ɗauko ta, Sista Selestin ta rako su har bakin iyaka tana share hawaye tana cewa ƙura ce. Nunana cikin sabuwar riga mai fure, hannunta a na Akpene. Suka tsaya a tagar jami'in Togo, Akpene ta saki hannun don ta buɗe zif. Jakar ta yi ƙiba har sai an danne ta da gwiwa. Jami'i ya fara karantawa daga shafin farko, yana lasar yatsa.

Can tsallake, ta ɓangaren Ghana, wani mai sayar da ƙanƙarar madara ya matsa hon ɗin kekensa. Pam pam.

Jami'in ya kai ƙarshe, ya ɗaga hatimi. "Ina yarinyar?"

Suka duba ƙasa. Babu. Akpene ta ƙwala kira. Sai Gameli ya nuna. Ga Nunana can ta bi ta ƙarƙashin shinge, tana tsaye gaban mai keke, ta miƙa hannu, wani jami'in Ghana mai ƙaton ciki yana saya mata.

Jami'in Togo ya ajiye hatimi. "Ba zan buga fitar wanda ba ya nan ba."

Gameli ya ruga wajen na Ghana. Shi kuma ya ce ba zai buga shigar wanda bai fita daga Togo ba.

"To yanzu tana ina?" in ji Gameli.

"A takarda tana Togo."

"Ga ta nan tana ɗiga maka madara a takalmi!"

"Wannan ido ne ya gani. Ni da takarda nake aiki. Ku mayar da ita ta fito da kyau."

Nunana ta ce ba ta san zance ba. Ta rungume tayar keke ta buɗe baki, aka ji ta a ƙasashe biyu. Akpene ta roƙa, Sista ta yi barazana da Faransanci, masu dakon kaya suka ajiye kaya suna ba da shawara. Wata mai tallar burodi ta ce a kai mai keken Togo mana, yarinya za ta bi shi. Mai keke ya ce shi bai fito da katinsa ba. A ƙarshe ya tura keken har bakin layi, ya tsaya da ƙafafunsa a Ghana, ya miƙa hannu da sabuwar ƙanƙara iyakar tsawonsa cikin Togo. Nunana ta saki taya, ta bi hannun, Gameli ya sure ta ya ɗaga gaban taga. Jami'i ya dubi hoto, ya dubi fuskar da madara ta wanke, ya yi ajiyar zuciya, ya buga hatimi. Dum.

Suka juyo suka tako 'yan takun nan, Nunana a wuyan Gameli tana goge hannu a gashinsa. Na Ghana ya ƙame, ya sara mata, ya ce barka da zuwa, yaya hanya. Dum. Masu dakon kaya suka yi tafi.

A gida unguwa ta riga ta taru. An kafa rumfa, an kawo ganguna, matan coci sun fito da fararen hankici suna juyi. Kowa so yake ya ɗauke ta, ita kuma ta bi kajin gida a guje, ta buɗe kowace tukunya, ta ci kifi har ƙaya, ta yi rawa da Dada har tsohuwa ta nemi kujera. Wajen la'asar aka neme ta aka rasa, Akpene ta fara zare ido, sai aka gan ta ƙarƙashin benci tana barci, ƙafa ɗaya ba takalmi, ganguna na tashi a kanta.

Akpene ta durƙusa za ta ɗauka. Gameli ya riƙe mata hannu.

"Bari ni," ya ce da raɗa. "Ke za ki tashe ta."

"Ni zan tashe ta? Kai da hannunka kamar katako?"

"Ni na ɗauko ta daga Togo."

"Ni na gano ta."

Suna cikin wannan raɗe-raɗen, kai da kai, Dada Afiwa ta ratsa tsakaninsu da gwiwar hannu, ta sunkuya tana nishi, ta ɗauki yarinyar ta saɓa a kafaɗa ta nufi ɗaki. Ta tsaya a bakin ƙofa ta harari makaɗa, suka sassauta. Gameli ya tsinci takalmin. Akpene ta ɗauki mafici ta bi bayansu.